Wane irin aibi ake karɓa a jikin daimon?

Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta tambayarki game da zobba biyu da aka nuna miki a kasuwar gwal ta Deira a Dubai, masu duwatsun daimon da nauyinsu ya kusa zama ɗaya, takardar shaidar ɗaya ta ce matakin tsaftarsa daga aibi VVS1 ne, ta ɗayan kuma SI1, har tazarar farashinsu ta sa kike zargin mai sauƙin yana da illa. Na daɗe ina sayo wa mutane irin waɗannan kaya tare da gwal na lefe, kuma ra'ayina shi ne SI1 yana iya zama saye mai kyau ƙwarai, amma sai an duba dutsen kansa, domin haruffan takarda ba su faɗin komai da komai.

Ma'aunin tsaftar daimon da kusan kowa ke bi na GIA ne, cibiyar binciken duwatsu masu daraja ta Amurka, wadda ta fito da shi a 1953. Matakansa 11 ne: FL da IF a sama, sai VVS1 da VVS2, sai VS1 da VS2, sai SI1 da SI2, sannan I1 zuwa I3 a ƙasa. Abin da mai kanti ba ya cika jaddadawa shi ne, ana yanke wannan hukunci ne da madubin da ke ƙara girman abu sau 10. A matakin VVS ƙwararre ma sai ya sha wahala kafin ya gano ɗigon, don haka kuɗin da kika ɗora daga VS2 zuwa VVS1 kin biya su ne a kan bambancin da ke kanki da duk wanda zai ga zoben a hannunki ba za ku taɓa gani ba. Matakan I kuwa ba na kawo wa kowa su, domin aibinsu yakan fito fili, wani lokaci har ya rage ƙarfin dutsen.

Ga yadda nake yi. Nakan roƙi a goge dutsen, in fita da shi daga ƙarƙashin fitilun kanti, waɗanda aka jera su musamman don kaya su yi ƙyalli, in kai shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, in riƙe shi kamar tazarar da ake riƙe littafi, in kalle shi ta fuska kafin in taɓa madubi. Wannan jerin yana da muhimmanci, domin idan kika fara gano ɗigon da madubi, idonki zai riƙa komawa wurin ko da a da ba za ki lura da shi ba.

Bayan haka sai maganar wuri da nau'i, kuma a nan ne duwatsu biyu masu SI1 suke rabuwa nesa ba kusa ba. Baƙin ɗigo a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar fuskar sama shi ne mafi muni ga ido, musamman idan ya sauka ƙasa kaɗan, domin fuskokin dutsen sukan maimaita hotonsa, ɗaya ya zama kamar biyar. Farin ɗigo ko siririn layi mai kama da allura a can gefe ba su dame ni ba, sau da yawa ma ƙafar zinarin da ke riƙe dutsen takan rufe su. Wanda nake tsayawa a kansa sosai shi ne tsaga, wadda za ki ga an rubuta feather a takarda. Ƙaramar tsaga a cikin ciki ba matsala ba ce. Amma wadda ta kai bakin gefen dutsen, ko ta zauna a kusurwa mai tsini, abin gudu ce, domin daimon duk da babu dutsen halitta da ya kai shi tauri, yana da layin da yake darewa idan ya bugu da ƙarfe ko bakin tukunya ta daidai wurin. Rami a saman dutsen ma ina guje masa, don yana tara datti ya yi duhu.

Akwai kuma hazo, wanda yake yaudarar mai karanta takarda kaɗai. Idan kika ga a wurin sharhi an ce an ba da matakin ne bisa gajimaren da ba a nuna a zanen aibobin da ke takardar ba, to ki ajiye dutsen kusa da wani ki gwada su. Na taɓa ganin SI1 da zanensa ya fita fes, amma a rana ya yi dishi-dishi kamar gilashin da aka hura wa numfashi, alhali wani SI2 mai farin ɗigo a gefe yana ta walƙiya.

Ba ki faɗi siffar yankan ba, kuma tana canza amsar. Zagayayyen yanka mai fuska 57 ko 58 yana ɓoye ƙananan aibobi cikin ƙyallinsa, shi ya sa VS2 ko SI1 mai kyau ya wadatar a dutsen da bai wuce karat 1 ba, wato giram 0.2. Yankan emerald mai dogayen fuskoki a jere ba ya ɓoye komai, a nan ba na sauka ƙasa da VS2. Haka ma idan dutsen ya kai karat 2, fuskarsa ta yi faɗi, gara a hau mataki ɗaya.

Game da takarda, ki nemi ta GIA, ko ta takwarorinta HRD ko IGI, ba wadda kantin ya buga da kansa ba. Ki sa a nuna miki lambar da aka zana da lesa a gefen dutsen, ki shigar da ita a shafin cibiyar a wayarki, ki ga ko nauyi da awo sun dace. Ki kuma tambaya a fili ko an cike tsagarsa da gilashi, domin GIA ba ta ba irin wannan dutse mataki ko kaɗan, da kuma ko dutsen na haƙa ne ko wanda aka ƙera a ɗakin gwaji, tunda farashinsu ba ɗaya ba ne, a rubuta amsar a rasit.

Idan niyyarki ajiyar kuɗi ce irin ta gwal, ki sani daimon ba a ɗora shi a sikeli a biya ki da farashin ranar, kuma mai saye daga hannunki zai rage sosai ko da VVS1 ne. Idan kuwa na sawa ne, kuma SI1 ɗin ya tsallake gwajin ido da na tsaga, ki ɗauke shi, idan zagayayye ne ki fi kula da cewa takardar ta ba yankansa Excellent, wato mataki mafi kyau, ragowar kuɗin kuma ki ƙara awarwaro.