Yadda za ka gane sigar MySQL daga cikin PHP

Malam, ka ce kana son sanin sigar MySQL (manhajar rumbun bayanai) da ke kan sabarka, amma phpinfo(), mai nuna bayanan saitin PHP, ya nuna maka wata lamba da ta rikita ka. Wannan lambar ta mysqlnd ce, wato manhajar da PHP ke bi ta kai ga rumbun bayanai, ba ta sabar kanta ba. Ni ma na taɓa cin wannan tuntuɓen.

Abin da na fi yarda da shi shi ne ka tambayi sabar da bakinta:

SELECT VERSION();

Za ta ba ka amsa kamar 8.0.36. In mysqli (hanyar PHP ta haɗawa da MySQL) kake amfani da shi, $conn->server_info zai kawo maka ita a rubuce, inda $conn shi ne haɗinka da sabar. Shi kuwa $conn->server_version dunƙule ta yake yi, 8.0.36 ta koma 80036, ya fi daɗi wajen kwatantawa. Masu PDO kuma, wata hanyar haɗawar ta daban, su kira getAttribute(PDO::ATTR_SERVER_VERSION).

Sai dai ka lura, in MariaDB ce (wani reshe na MySQL), wasu sigoginta kan liƙa 5.5.5- a gaban ainihin lambar, tsofaffin PHP kuma su nuna maka ita haka. Kar ka ɗauka sabarka ta tsufa haka. SELECT VERSION() ba ya kawo wannan ƙari. Ita kuwa mysql_get_server_info() da ka gani a tsohon darasi, manta da ita, tun PHP 7.0 aka cire ta.