Amsoshin tambayoyinku: ƙugiyar sakul, ɗaura koto da kamun kifin shak

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan ƙugiya mai zagaye ne, wadda masu shago ke kira sakul, kuma yawanci daga 'yan'uwanmu mazauna bakin teku suka fito, Legas da Tema da Takoradi. Bismillah.

Wani matashi daga zangon Sekondi ya ce: "Kawu, ina bin wani kwalekwale daga Shama. Na sayi sakul na saka, kifi yana ɗaukar koto sosai amma da na fizga sai ƙugiya ta fito fayau. In mayar wa mai shago kayansa ne?"

Kar ka mayar ɗana, ƙugiyar ba ta da laifi, hannunka ne bai saba ba tukunna. Ita ƙugiyar da muka taso da ita tsininta sama yake kallo, dole ka fizga kafin ta soki kifi, kuma duk inda ta samu nan take shiga, ko maƙogwaro ko tumbi. Sakul kuwa an lanƙwasa tsininta ya juyo yana kallon jikinta, shi ya sa ko shak, babban kifin tekun nan mai kaifin haƙori, ya haɗiye koton gaba ɗaya ba ta kama komai a ciki, sai lokacin da ya juya zai tafi igiya ta miƙe, ƙugiyar ta zamo daga maƙoshi ta biyo ta gefen baki ta mirgina ta maƙale a kusurwar muƙamuƙi. Kai kuma da ka fizga da ƙarfi ka zare ta ne kafin ta samu damar mirginawa. In ka ji ya ɗauka ka ƙyale shi ya ɗan tafi da igiyar, sannan ka riƙe a hankali ka fara ja har ka ji nauyi ya zauna, shikenan. Kuma fa ba sabon abu ba ne, mutanen tsibiran tekun Fasifik sun daɗe suna sassaƙa irinta da ƙashi da ƙwanson teku, kuma masu kamun wani babban kifin teku da ake kira halibut a Alaska sun koma kanta tun farkon shekarun 1980 saboda sun ga kifi ba ya kuɓuce mata. Abu ɗaya nake roƙonka, ko da wasa kar ka naɗa igiya a hannu ko a ƙafa in kana jiran shak.

Na biyu daga Legas, wani ɗan Yauri da ke fita ta wajen Badagry: "Malam, ni nakan cusa ƙugiyar gaba ɗaya cikin titus don kar kifi ya gan ta. Daidai ne?"

A'a ɗan'uwa, da sakul wannan shi ne babban kuskure. Ratar nan da ke tsakanin tsini da jikin ƙugiya ita ce ke aiki, in ka cika ta da nama babu inda leɓen kifi zai shiga. Shak da ƙamshi yake zuwa, ganin ƙarfe ba ya korar shi. In yanka ne ka soka ta gefe ɗaya kawai ta wajen fata mai tauri, ka bar tsini da ratar a waje, in akwai ɓawo a kan tsinin ka goge. In kifi ne guda, abin da ya fi shi ne ka ɗaure shi a ƙasan ƙugiya maimakon ka soke shi: ka samu zare mai ƙwari ka yi masa ƙulli ya zama zobe, ka ratsa shi da basilla ta gaban idanun kifin ko ta hanci, ka rataya bakin zaren biyu a gwiwar ƙugiya, ka murɗa ta sau uku ko huɗu sannan ka cusa tsinin ta ƙarƙashin murɗin. Kifin zai riƙa lilo a ƙasa ƙugiyar kuma tana sarari. Wasu da roba suke yi ko ɗan maɗaurin nan na wayar lantarki, duk yana yi. Koto kuma mai maiƙo da jini ya fi, titus ko shawa ko kan tuna, amma titus ɗin kwali da ya narke aka sake daskarewa laushi yake yi ya zube tun kafin ya kai ƙasa, ka barbaɗa masa gishiri ya ɗan yi tauri, ka san dai yadda kwali ya yi tsada yanzu. Bayan ƙugiya ka sa waya don haƙori, bayan wayar kuma nailan mai kauri wanda ya fi kifin da kake nema tsawo, domin fatar shak kaushi gare ta kuma da jela yake dukan igiya. In wayar mai sili ɗaya ce ka murɗa biyun tare tukunna kafin ka naɗe, ragowar kuma ka lanƙwasa ta har ta karye da kanta, in ka yanke da filaya za ta bar kaifi ta tsaga maka tafin hannu.

Wani daga Kano ya ce ya ga bidiyo a TikTok, yana so ya yi odar sakul lamba 20/0 da babban injin naɗe zare ya je dam ɗin Tiga.

Haba malam. Wane shak ne a Tiga? Ƙugiyar da ta kusa cika tafin hannu wace tarwaɗa ce za ta haɗiye ta? In tarwaɗa ko ramboshi kake nema ka sayi sakul ƙarama, 4/0 zuwa 8/0 ta ishe ka, in ka ga tsage na yanke maka zare ka ƙara 'yar waya. Sauran kuɗin ka kai gida.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Wani Alhaji mai jirage biyu a Tema ya ce: "Na samu kwalin sakul an rubuta Mustad, kuɗinsa bai kai rabin na shagon da na saba ba. Zan kwashi kwali goma, me ka gani?"

Alhaji don Allah ka dakata. Mustad kamfanin Norway ne da ya faro a garin Gjøvik tun 1832, iyayenmu masunta sun san ƙugiyarsa mai tambarin makulli tun da daɗewa, kuma sanin da aka yi masa ne ya sa masu jabu suka fi son sunansa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san babu wanda zai shigo da kaya na gaske ya biya kwastan ya biya haya sannan ya sayar a rabin kuɗi. Jabun kala-kala ne. Akwai wadda ƙarfenta bai ji wuta yadda ya kamata ba, kifi na ja sai ta miƙe, akwai wadda ta ji wuta fiye da kima ta karye a gwiwa, akwai wadda idonta bai rufe ba waya ta zame ta wajen, akwai kuma wadda ba ma sakul ba ce, tsohuwar ƙugiya ce aka ɗan lanƙwasa mata baki aka zuba a kwali mai kyau. Wasu ma kwalin na gaske ne, abin da ke ciki ne aka canja.

Abin da ke ba ni haushi wallahi shi ne yadda mutum zai zuba kuɗi a inji, ya sayi mai da tsadar da kowa ya sani, ya sayi ƙanƙara, ya sayi koto, ya ciyar da yara kwana da kwanaki a kan ruwa, sai an zo kan ƙugiya wadda ita kaɗai ce take taɓa bakin kifin a nan ne zai fara neman sauƙi. Kifi ɗaya babba in ya miƙar da ƙugiya ya tafi, asararsa ta fi rarar da ka samu a kwali goman nan, ballantana in ta karye ana tsakiyar ja, igiya ta dawo da dalma ta samu yaro a fuska. Araha ba ta ado, a kan ruwa kuma har rauni take jawowa. Haka matasanmu masu sayen sanda mai sheƙi don hoto su ɗaura mata ƙugiyar tire, duk abu ɗaya ne.

In ka nace sai ka gwada, to ka sayi guda biyar kawai. Jera su a kan tebur ka duba ko girmansu da lanƙwasarsu ɗaya ne, na gaske ba ka ganin bambanci. Ka duba tsinin, ya kamata ya juyo sosai ya kalli jikin ƙugiyar, in yana kallon sama-sama rabin sakul ce kuma za ta kama tumbi. Ka ja tsinin a kan farce, mai kyau tana kartawa ba sai ka danna ba. Sannan ka maƙala ɗaya a jikin ƙarfe mai ƙarfi ka ɗaura igiya ku ja daga nesa ku ga ko za ta miƙe ko ta karye, kowa ya kauce daga saitinta. Ka kuma kwantar da ita a teburin, in tsinin ya ɗaga ko ya karkata gefe to mai karkata ce, ni miƙaƙƙiya nake ba da shawara don ita ce ta fi tsayawa a gefen baki. Lamba ma kar ka dogara da ita, 16/0 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da 16/0 ta wancan ba, Mustad da Eagle Claw da Owner da VMC kowa da ma'auninsa, da ido za ka gwada.

Kuma kar mai shago ya ruɗe ka da cewa tasa ba ta tsatsa har abada. A kamun shak wannan aibi ne. Duk mai wannan sana'a wata rana zai yanke igiya ya saki kifi da ƙugiya a baki, ko don ya fi ƙarfin jirgi ko don irin wanda ba a so a kashe ne. An bibiyi wasu manyan shak a tsibirin Tahiti aka ga marar tsatsa tana iya zama a bakinsu fiye da shekara 7, mai tsatsa kuwa cikin shekara biyu da rabi ta faɗi. A Amurka ma tun 2018 hukumar kula da kamun kifi ta wajabta wa masu kamun shak na nishaɗi a yawancin gaɓar Atilantika sakul miƙaƙƙiya mai tsatsa, jihar Florida ma ta sa irin wannan doka ga masu kamu daga bakin ruwa a 2019. Mai tsatsar in ka dawo ka wanke ta da ruwan daɗi ka shanya ka shafa mata ɗan mai za ta daɗe tana yi maka aiki. Ka tsaya a shagon da ka saba Alhaji, wanda in kaya ya ɓaci ka san inda za ka same shi.

Wata baiwar Allah daga Nima a Accra ta rubuto: "Baba, ɗana ya fara bin masu kamun shak a Dixcove, ba na iya barci. Na kwashi adashi ina so in saya masa wani abu, ban san me ya kamata ba."

Allah sarki Hajiya, Allah ya tsare miki shi ya dawo da shi lafiya duk fitar da zai yi. Damuwarki a kan hanya take, amma ki kwantar da hankali, mutanen wannan gaɓa sun gaji aikin nan kuma ba sa barin sabon yaro shi kaɗai a kan babban kifi. Kar ki sayi ƙugiya ko igiya, wannan na mai jirgi ne. Ki fara da rigar ruwa mai hana nutsewa daidai jikinsa, ki sa ya gwada a gabanki ki ja maɗauran ki ga ɗinkin da ƙwari, domin ita ma akwai jabunta mai soso marar kyau. Sai safar hannu mai kauri, da almakashin yanke ƙarfe mai dogon hannu wanda zai iya datse waya ko ƙugiya, da tocila mai jure ruwa. Ki ja masa kunne kar ya kai hannu kusa da bakin shak ko an ce ya mutu, yana cizo bayan an ɗauka ya gama. In sakul suke sawa ma wannan sauƙi ne, tunda a gefen baki take tsayawa ana ganinta ba sai an laluba ciki ba. Ragowar kuɗin ki ajiye abinki.

Wani ya tambaya ko naman shak halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya abin teku halal ne, ƙarin bayani kuma wajen malamai. Ta fannin lafiya dai likitoci na hana mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara cin naman babban shak saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikinsa, kuma in ba a zubar da jininsa da wuri an sa ƙanƙara ko gishiri ba zarni yake yi.

Na ƙarshe wani ɗan kasuwa ne da aka ce masa akwai riba a fiffiken shak, yana so ya zuba jarinsa ya riƙa tarawa ana fitarwa waje.

Ban ba ka shawara ba ɗan'uwa. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin ɗari tun 1970, kuma kifi ne mai jinkirin girma mai 'ya'ya kaɗan. Yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wasu nau'ikan shak mai kan guduma cikin jerin masu buƙatar takarda tun 2013, a taron Panama na 2022 kuma aka ƙara yawancin waɗanda ake cinikin fiffikensu, kenan in ba ka da izinin fitarwa kayanka na iya tsayawa a tashar jirgi jarinka ya tafi. Wanda ya ce maka zai bi ta bayan fage ya fitar maka, kai za a kama ba shi ba. Haka masu yanka dolfin su yi koto da shi a wasu garuruwan gaɓar Ghana, doka ta hana, kar ka sayi kaya a hannunsu kuma kar ka ba su bashin mai. In kifi kake son yi ka shiga harkar banda ko busasshe wadda ka san kasuwarta tun daga gida.