Shin jini ne ya sa Frankel ya gagara?

Malam, ka tambaya ko gudun Frankel, dokin tseren nan na Ingila, gado ne ko horo. Ni dai a ganina gadon ya fi nauyi. Ubansa Galileo ne, wanda ya ci babban tseren dawaki na Derby a Epsom, Ingila, a 2001. Uwarsa goɗiya ce mai suna Kind, 'yar Danehill. Ta wajen uba da ta wajen uwa duk sun haɗu a kan ingarma ɗaya, Northern Dancer na Kanada.

Amma fa tun yana ƙarami doki ne mai zafin kai, yana fizgar linzami, ba ya son a riƙe shi. Mai horar da shi, Sir Henry Cecil, shi ne ya lallaɓa shi har ya koyi adana ƙarfinsa. Daga 2010 zuwa 2012 ya shiga tsere 14 a Ingila, mahayi Tom Queally na kansa, kuma duk ya lashe. A tseren da ake kira 2000 Guineas na 2011 tun daga farko ya yi wa sauran dawakan fintinkau.

Mai shi a lokacin, Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, ya ajiye shi don kiwo. Ɗan Frankel mai suna Adayar ya ci Derby a 2021, 'yarsa Alpinista kuma ta ɗauki babban tseren Arc na Faransa a 2022.