Ina shayarwa, allura ta taɓa rikita min al'ada: wace hanyar tazarar haihuwa zan bi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 31, 'ya'yana huɗu, na goye watansa biyar, nono zalla nake ba shi, kuma ban ga al'ada ba tun da na fita jego. Daga Madani muka taso zuwa Gadarif, nan Sudan, saboda yaƙi. A baya na yi allurar wata uku sau biyu, jini ya dinga ɗiso min har na kasa bambance ranar salla da ranar hutu, sai na bari. A wannan haihuwar an ce jinina ya yi ƙasa. Ni da maigidana mun yarda in huta, amma ƙwayar tazara yau akwai a saidaliya (kantin magani) gobe babu, mata kuma suna cewa shariha (ashanar da ake sawa a hannu) tana yawo a jiki, allura tana kashe mahaifa. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar uwa. Allah ya raya, ya kawo mana zaman lafiya.

Bari mu fara da abin da ya fi gaggawa: saura wata ɗaya kariyar da shayarwa ke ba ki ta ƙare. Shayarwa tana hana ciki ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu: yaro bai kai wata shida ba, nono kaɗai yake sha dare da rana ba tare da dogon jinkiri ba, sannan al'ada ba ta dawo ba. Muddin ukun suna nan, mata kamar 2 ne cikin 100 ke ɗaukar ciki. Ranar da ɗaya ya faɗi, misali kika fara ba shi kunu ko madida, ko ya cika wata shida, to kariyar ta tafi. Kada ki jira ganin jini, domin ƙwai kan riga al'adar farko fita. Nan ne ake samun cikin da mata ke cewa "ban ma ga wanki ba". Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bari aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, kuma ga mai ƙarancin jini irinki wannan hutun magani ne.

Halin da kike ciki na mata da yawa ne. Babban binciken gidaje da aka yi a Sudan a 2014 ya nuna matan aure kimanin 12 cikin 100 ne kawai ke amfani da wata hanya, mafi yawansu ƙwaya, alhali sama da ɗaya cikin huɗu suna son tazara ba su samu ba. Wannan tun kafin yaƙin Afrilun 2023 ya wargaza hanyar da magani ke bi daga Khartum zuwa jihohi.

Saboda haka ba za mu ba ki shawarar ƙwaya ba. Ƙwaya tana aiki ne ga wadda ke da ita a hannu kullum. Mai haɗin sinadari biyu ba a son mai shayarwa ta fara ta kafin wata shida, don tana iya rage nono, kuma ba ta dace da mai hawan jini ko mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da gani dishi-dishi ba. Ta masu shayarwa, irin Microlut, ba ta taɓa nono, amma tana da tsauri: kowace rana a lokaci guda, idan kika makara fiye da awa 3 bayan al'ada ta dawo, sai an haɗa da kwaroron roba ko a ƙaurace kwana 2. A yadda mata ke shan ƙwaya a zahiri, da mantuwa da yankewa, kimanin 7 cikin 100 kan yi ciki a shekara. Inda katin wata mai zuwa ba shi da tabbas, lissafin ya fi haka muni. Ga zafin Gadarif kuma: katin da ya kwana biyu a rana a tebur ɗin kasuwa ba abin dogaro ba ne.

Allurar da kika yi, wato Depo, ana maimaita ta duk mako 13, kuma akwai rangwame: ko an makara har mako 4 ana iya yi ba tare da wani gwaji ba. Ɗison da kika gani halinta ne a watannin farko. Sinadarin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, ƙananan jijiyoyinta su riƙa tsattsafo da jini. Da kin kai allura ta uku ko ta huɗu, da wataƙila ya ragu, domin zuwa shekara kusan rabin masu yin ta ba sa ganin jini sam. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba, shimfiɗar ce ba ta ginu ba balle ta zube. Batun kashe mahaifa kuwa, ga tushensa: bayan an daina, ciki kan yi jinkiri, a tsaka-tsaki kamar wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu har shekara da ɗoriya. Jinkiri ne, ba rasa haihuwa ba, ga shi ke kanki kin haihu bayanta. Matsalarta a wurinki ita ce dai ta ƙwaya: sai kin samu allurar sau huɗu a shekara.

Saura laulab, wato abin da ake sawa a cikin mahaifa, da shariha, waɗanda a zama ɗaya ake gamawa.

Laulab na jan ƙarfe ba shi da sinadarin da ke rikita lokacin al'ada, yana kai shekara 10 zuwa 12, kuma ranakun jininki za su zo a tsare, abin da zai sauƙaƙa miki lissafin salla. Aibinsa shi ne yana ƙara yawan jini da ciwon mara, musamman wata 3 zuwa 6 na farko, ke kuwa jinin ne ba ki da shi. Ba a hana mai ƙarancin jini sa shi ba, amma sai a auna jinin tukuna, a haɗa miki da ƙwayar ƙarin jini. Yana kuma buƙatar ƙwararriyar hannu da kayan da aka dafa sosai, kuma ga wadda aka yi wa kaciyar fir'auna, wadda ake ɗinke gaban mace, sa shi kan yi wuya, sai likitar mata ta duba.

A ganinmu shariha, wadda a ƙasar Hausa ake kira ashana, ita ta fi dacewa da ke. Sanda ce ta roba mai laushi, tsawon tsinken ashana. Implanon guda ɗaya ce, shekara 3. Jadelle guda biyu, shekara 5. Cikin mata 1,000 da wuya fiye da ɗaya ta yi ciki a shekara, ba ta rage nono, kuma da an cire haihuwa ke dawowa. Ana sa ta a cikin damtsen hannun da ba kya yawan aiki da shi, kamar faɗin tafi sama da gwiwar hannu. A wanke wurin, a yi allurar kashe zafi, a tura ta dab da ƙarƙashin fata, a ɗaure. Minti kaɗan ne. Kafin ki tashi, ki sa yatsa ki taɓa ki ji ta. Wannan taɓawar ita ce amsar maganar yawo: wadda aka sa daidai tana nan inda aka ajiye ta. Wadda aka luma cikin tsoka ce ke ɓacewa ga yatsa ta ba da wahalar cirewa, kuma tafiyarta nesa abu ne da ba safai ake gani ba. Kada ruwa ya taɓa wurin kwana 4, sai ki naɗe shi da leda lokacin wanka. Ɗan kumburi da taruwar jini a wurin na 'yan kwanaki ba komai ba ne. Mugunya, ja mai zafi ko zazzaɓi kuwa, a koma asibiti.

Gaskiyar da ba za mu ɓoye miki ba: ita ma tana rikita al'ada. Wasu ɗiso, wasu jini mai jan kwanaki, wasu shiru gaba ɗaya, kuma ba a iya sanin rabon kowa tun gaba. Sai dai a dunƙule jinin da ake zubarwa yakan gaza na al'adar da aka saba, wanda riba ce gare ki. Idan ɗison ya dame ki, akwai abin yi kafin a kai ga cirewa: ma'aikaciyar lafiya kan ba da ibuprofen ko mefenamic asid bayan cin abinci na kwana 5, in ba ki da gyambon ciki. Jinin da ya ninka na al'adarki, ko ya zo da jiri, ko yake fitowa bayan saduwa, wannan sai an duba, kada a ɗora wa shariha laifin da ba nata ba. Ki kuma faɗa idan kina shan maganin tarin fuka mai rifampisin ko maganin farfaɗiya, domin suna rage mata ƙarfi.

Game da salla, a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce jinin ciwo ne, ana salla da azumi da shi. Ki riƙa yin alama a kalanda duk ranar da kika ga jini, da launinsa, ki kai wa malama ta yi miki lissafi a kan kwanakin da kika saba. Tazara ta ɗan lokaci da yardar miji da mata kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta ta a zamanta na Kuwait a 1988.

Ki je markaz (cibiyar lafiya) ko asibitin mata, ko reshen Ƙungiyar Tsara Iyali ta Sudan, cikin makonnin nan. Idan aka sa shariha kafin yaro ya cika wata shida kuma al'ada ba ta dawo ba, ba a buƙatar wata kariya; bayan haka sai an tabbatar ba ciki, a kuma yi amfani da kwaroron roba kwana 7. Ki tambayi inda ake cirewa tun kafin a sa. Ki karɓi kati mai ɗauke da sunan sharihar da ranar sawa da ranar cirewa, ki ɗauki hotonsa a waya, don ko kun koma Madani ko wani gari, duk wadda za ta cire ta san sanda nawa za ta nema.