Kududdufan da muka cike da hannunmu

Assalamu alaikum. Ɗana, ka yi tambaya ko da gaske ne Kano ta da ta fi ta yanzu daɗin zama, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai take damun dattawa. Ni haifaffen cikin birni ne, na kuma haura shekara sittin, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Kewar ƙuruciya tana ciki, ba na musu. Amma akwai asarar da kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa, kuma babba a cikinta ita ce ta kududdufai. A bayan gidanmu akwai wani babba, wanda asalinsa rami ne da magina suka yi shekara da shekaru suna haƙar ƙasa a cikinsa domin yin tubali da yaɓe. Idan damina ta sauka, duk ruwan da indararon gidajen unguwa ya zubo sai ya bi lungu-lungu ya tarar da shi a can, kafin gari ya waye ƙasa ta tsane. Ba mu san darajarsa ba a lokacin; abin da muka sani shi ne sauro da kukan kwaɗi da faɗan iyaye mata idan yaro ya nufi bakinsa, domin ya taɓa cin ɗan maƙwabtanmu. Mu da kanmu muka riƙa juye masa shara har ya zama bola, daga nan aka zuba ƙasa, aka yanka fuloti, aka yi shaguna. Yau a gidan da aka haife ni buhunan yashi ake jerawa a ƙofar zaure tun daga watan Yuli, kuma duk da haka an sha kwana ana kwalfar ruwa da bokiti. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya san cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

Sai kuma badala, wato ganuwar birni, wadda aka fara gina ta tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 ke nan. Muna yara mukan hau kanta ta wajen Ƙofar Kabuga mu hangi gonaki, a lokacin da Rijiyar Zaki take ƙauye. Yanzu a wurare da yawa sai an nuna wa yaro tudun ƙasa a bayan shago an ce masa nan ce ganuwa, alhali masu ɗibar ƙasarta da masu gini a kanta 'yan gari ne, ba baƙi ba.

Amma kada in yi wa zamani ƙarya. A da, mace mai naƙuda cikin dare a lungunmu sai an yi ta bugun ƙofar mai mota ɗaya tilo a unguwa. Gadar sama ta Ƙofar Nasarawa ta rage cunkoson da na sani a wurin, kuma tun da aka hana acaɓa a 2013 hankalina ya fi kwanciya idan 'ya'yana mata suka fita a adaidaita sahu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nisan da ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Mu tara mahaifinmu ya bari, gidan gado bai ɗauke mu ba, kowa ya nemi fili inda ƙarfinsa ya kai. Yayata tana Mariri, ni ina Rijiyar Zaki, kafin in je in gaishe ta sai na sauya abin hawa sau biyu, wani lokacin sau uku. A da bayan sallar isha'i nake leƙa ta in sha fura. Bana, ban da ranar salla da wata ta'aziyya, a waya kawai muka gaisa.