Tambaya da Amsa: Wa ya fara tashi da jirgin jet?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, musu ne ya kaure tsakanina da abokina a majalisa, shi ya ce Amurkawa ne suka fara ƙera jirgin jet kuma wani Chuck Yeager ne ya fara tashi da shi, ni kuma na ce Jamusawa ne. Don Allah a raba mu. Mai karatu daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kai ka ci musun ɗan'uwa. Jirgin jet na farko da ya tashi shi ne Heinkel He 178 na Jamus, ran 27 ga Agusta 1939, saura kwana biyar a fara yaƙin duniya na biyu, matuƙinsa Erich Warsitz, injin kuma aikin Hans von Ohain ne. Amma fa Baturen Ingila Frank Whittle ya riga shi tunanin, tun 1930 ya nemi rajistar injinsa, gwamnatinsu ce ta yi ta jan ƙafa, nasu jirgin Gloster bai tashi ba sai Mayun 1941.

Shi kuma abokin naka ba daga sama ya tsinto sunan Yeager ba, haɗa labari biyu ya yi. Yeager shi ne ya fara wuce gudun sauti, ran 14 ga Oktoba 1947 a hamadar Kalifoniya, da jirgin gwaji Bell X-1, kuma wannan ma ba jet ba ne, roka ce, a ƙarƙashin wani ƙaton jirgi B-29 aka rataye shi aka kai sama sannan aka sake shi. Wahalar ita ce in jirgi ya kusa gudun sauti iska ba ta samun damar kaucewa, sai ta cunkushe a kan fukafukai, jirgi ya kama kakkarwa, ka ja sitiyari ya ƙi ji, a 1946 ma jirgin gwaji DH 108 ya tarwatse a sama a Ingila da matuƙinsa Geoffrey de Havilland ƙarami. Wannan wahalar ta iska ce ta sa aka yi X-1 da siffar harsashi, tunda an san harsashi na wuce sauti bai karkace ba.

Abin da ke ba ni dariya, Yeager da karyayyun haƙarƙari biyu ya hau, doki ne ya kayar da shi kwana biyu kafin nan ya ɓoye wa shugabanninsa, ƙofar jirgin ma da guntun sandar tsintsiya ya rufe ta. A haka ya zarce kilomita 1,100 a awa.