Yanar gizo ta cika mini rumfar tumatir: in yi feshi ko in bari?

Tambaya: Malam, ina noman tumatir da tattasai a wajen Kura, wani a fili, wani a cikin rumfar leda. Tun shigowar hunturu nake ganin yana a jikin shuka da ƙusurwoyin rumfar, ganye kuma ya fara yin ɗorawa. Gizo-gizo ne ke cinye mini ganye? Wane magani zan fesa?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye famfon feshin tukuna. Gizo-gizo ba ya cin ganye, ba ya huda tumatir. Abincinsa ƙwari ne. Amma akwai wata halitta da ke yin yana a kan tumatir, kuma ita ce nake zargi a ɗorawar ganyenka. Kafin ka sayi magani, ka san wadda kake fama da ita.

Gobe da sassafe ka ɗauki farar takarda ka shiga rumfar. Tara ta a ƙarƙashin ganyen da ya canza launi, ka ɗan buga reshen. In ka ga ɗigo-ɗigo jajaye ko ruwan ɗorawa sun zubo suna tafiya a hankali, waɗanda tsawonsu bai wuce rabin milimita ba, to ɓarawon ke nan. Dangin kaska ne, suna zama a bayan ganye suna tsotse ruwansa, shi ya sa ganyen ke fara yin tabo-tabo fari kafin ya ƙone. Yanarsu siririya ce, a manne take da ganye da kan toho, ba ta da fasali. Zafi da bushewar iska da ƙura su ne abin da suke so, don haka rumfar leda a rani ta zame musu gida.

Saƙar gizo-gizo na gaske daban take. Za ka gan ta a shimfiɗe tsakanin shuka biyu ko tsakanin sanda da igiya, zagayayya, da mai ita zaune a tsakiya kansa a ƙasa. Matsa kusa ka duba abin da ya maƙale a ciki: farin ƙuda, sauro, ƙananan fara, da 'yan ƙwarin dare masu fukafukai da ke zuba ƙwai a kan ganye. Da yawa daga masu irin wannan saƙa suna cinye tsohuwar yanar su sake sabuwa cikin dare, saboda haka wanda ya share ta da tsintsiya asarar farautar dare ɗaya ya jawo wa gonarsa.

Ni dai waɗanda ba sa saƙa sun fi burge ni, kuma su ne manomi bai cika lura da su ba. Akwai ɗan ƙarami mai tsalle, mai manyan idanu biyu a gaba. In ka kai yatsa kusa da shi sai ya juyo ya dube ka. Da rana yake farauta, yana laɓaɓawa har ya kusanci ƙwaro, sannan ya daka tsalle, da zare ɗaure a bayansa don kada ya faɗi. Akwai kuma mai gudu a ƙasa tsakanin kunya da kunya. Macensa tana jan ƙunshin ƙwanta a bayanta duk inda ta je, in sun ƙyanƙyashe kuma ta goya su gaba ɗaya. Ka fita bayan isha'i, ka riƙe tocila daidai goshinka ka haska ƙasa: 'yan ƙyalli-ƙyallin da za ka gani idanunsu ne. Yawan ƙyallin nan alama ce cewa magani bai kashe gonarka ba.

Masana sun tantance nau'in gizo-gizo fiye da 50,000 a duniya, kuma wani ƙiyasi da aka wallafa a 2017 ya nuna suna cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. Duk da haka kada ka ɗora musu abin da ba za su iya ba. Tsutsar sharon, wadda ta kassara tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, cikin ganye da ɗan tumatir take shigewa, inda gizo-gizo ba ya kai mata. Uwar mai tashi ce kawai ke faɗawa yanarsa. Mataimaki ne, ba shi zai ɗauke maka duk aikin ba.

Abin da ke damuna shi ne feshin kan-mai-uwa-da-wabi. Magunguna irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, waɗanda suka cika kasuwa, suna kashe gizo-gizo da sauran masu farauta, amma jajayen ƙwarin nan sukan tsira, sai su ƙara yawa tunda babu mai cin su. Manomi ya ga abin ya ƙaru, ya ƙara feshi, kuɗi na tafiya ganye na ƙonewa. In takardar ta nuna maka su ne, ka cire ganyen da ya lalace ka fitar da shi nesa, ka riƙa wanke bayan ganye da ruwa da safe, ka yayyafa ruwa a hanyoyin rumfar don kwantar da ƙura. In abin ya gagara, ka nemi malamin gona ya nuna maka maganin da aka yi dominsu, kamar abamectin, ka fesa a inda suke kaɗai, ka kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin tsinka.

Batun cizo kuwa, galibin gizo-gizon lambu ba sa cutar da mutum. Wanda za a yi hattara da shi shi ne mai launin ƙasa-ƙasa, mai dunƙulallen ciki da tambari ruwan lemo a ƙarƙashinsa. Yana ɓoye a ƙarƙashin bokiti, bakin tukunyar shuka da tarin buhuna, kuma ƙunshin ƙwansa yana da tsini-tsini kewaye, da shi ake saurin gane shi. Ka sa safar hannu in za ka ɗaga kayan da suka daɗe a ajiye, ka kaɗe takalmin roba kafin ka zura ƙafa. In ya ciji wani, musamman yaro, kuma ciwo ya yi tsanani ko jijiyoyi suka fara murɗawa, a wuce asibiti.